Hannun Baba da Hannun Umma

A shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta wa masu shirin aure yin gwajin lafiya kafin a ɗaura. Za a duba nau'in jini saboda cutar sikila, a duba ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Doka ce mai kyau, kuma mu ɗalibai mun tattauna a kanta sosai a ɗakunan kwananmu. Amma akwai wani gwaji da babu asibitin da ke yin sa, ga shi kuma rashinsa yana girgiza gidaje kamar yadda ciwo ke yi. Shi ne gwajin hannu. Idan kuɗi suka shigo, me hannun mutumin nan yake yi da su? Buɗewa yake yi ko dunƙulewa? In kuma hannunsa ya saɓa da na wadda zai aura, yaya zaman zai kasance?

Shekaruna 20, ina aji biyu a jami'a, ban taɓa aure ba. Mai karatu yana iya cewa me yarinya ta sani a kan zaman aure. Gaskiya ne, ban san shi daga ciki ba. Sai dai na tashi a gidan da hannu biyu masu bambancin hali suke riƙe da tukunya ɗaya, kuma abin da na gani shi nake so in gaya wa 'yan'uwana matasa.

Babana malamin makarantar sakandare ne. Ranar da albashi ya shigo ba sai an gaya mana ba. Da magariba za mu ji ƙarar babur ɗinsa, ƙanshin balangu kuma ya riga shi shigowa tsakar gida. Ranar akwai kankana da lemo, kowane yaro da 'yar tsarabarsa. Washegari kuwa ƙofar gidanmu ba ta rabuwa da sallama. Wannan matarsa ta haihu, wancan an koro ɗansa daga makaranta, ga wata tsohuwa daga ƙauyensu ta zo asibiti ba ta da kuɗin motar komawa. Baba ba ya iya cewa babu alhali akwai. Kafin goma ga wata aljihunsa wayam. In aka yi masa magana sai ya yi murmushi ya ce, "Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu."

Umma kuwa ba ta da albashi, amma ban taɓa ganin ranar da aka wayi gari ba ta da ko sisi ba. Tana yin zoɓo da kunun aya na sayarwa. Tana cikin adashi biyu, na mako da na wata. Da kaka, lokacin da hatsi ya faɗo, takan ba Kawu saƙo ya sayo mata masara da wake a Kasuwar Dawanau, ta ɗura waken a jarkoki ta toshe su ruf don kada ƙwari su shiga, sai damina ta yi nisa farashi ya hau sannan ta fito da shi. Da sanyi, sa'ad da tumatir ke arha, takan yanka shi ta shanya ya zama kauɗa. A bayan gida ba a rasa tinkiya da 'ya'yanta. A ƙarƙashin gadonta kuma akwai asusu na katako wanda ba a fasa shi sai da dalili mai ƙarfi. Ita karin maganarta ita ce, "Don tuwon gobe ake wanke tukunya."

Mu yara, ɓangaren Baba muke, tunda shi ke kawo nama. Maƙwabta kuma sun riga sun yanke hukunci: Malam mutumin kirki ne mai sakin hannu, matarsa ce dai mai tsanani. Dangin Umma su kuma cewa suke ba don ita ba da tuni an sayar da gidan. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin labari ya tafi da shi.

Sai da na yi wayo, na fara zama ina sauraron labarin ƙuruciyarsu, sannan na ga inda kowane hannu ya samo halinsa. Baba maraya ne. Mahaifinsa ya rasu yana aji uku a firamare. Wani maƙwabci ne ya ɗinka masa kayan makaranta, wani baffansa ya riƙa biyan kuɗin jarrabawa, wata gwaggo ta sayar da akuyarta ranar da zai tafi kwalejin horar da malamai. Duk abin da ya zama, da kuɗin wasu ya zama. Saboda haka idan wani ya tsaya a ƙofarsa, kansa yake gani yana ɗan shekara tara. A wurinsa mutane su ne rumbu, alheri kuma danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Umma ta tashi ne a gidan wadata. Mahaifinta babban ɗan kasuwa ne, zaurensa kullum cike, ana fitar da tuwo kwano-kwano. Tana budurwa ya samu karayar arziki. Da idonta ta ga zauren nan ya koma ba kowa sai tabarmi, waɗanda suka ci suka sha suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Abin da ya riƙe gidan a shekarun nan 'yan kunnen zinare ne da tumakin da kakata ta tara a ɓoye. Darasin da Umma ta ɗauka shi ne, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma abin da ka ajiye shi ne naka.

Ashe dukansu biyu tsoro ɗaya suke ji, tsoron ranar babu. Ɗaya yana yi mata tanadi a cikin mutane, ɗaya tana yi mata tanadi a cikin jarka da garke. Amma shekara da shekaru kowa yana kallon ɗan'uwansa a matsayin mai gangancin da zai jefa gidan a wahala.

Rigimar da ba zan manta ba ta faru ne wata damina, ana shirin bikin Yayata. Umma ta tafi barka, sai wani ɗan'uwan Baba ya zo yana hawaye, kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Baba ya buɗe ɗakin ajiya ya auna masa wake tiya goma da masara. Da Umma ta dawo ta ga jarka a buɗe, ba ta ɗaga murya ba. Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa su. A rana ta huɗu ina shara na ji tana cewa, "Malam, da ka jira ni, da da hannuna zan ba shi tiya biyar, har in haɗa masa da daddawa da kuka. Amma waken nan da ka gani katifar 'yarka ce." Baba ya yi shiru, can ya ce, "Ke ma kin sani, ba zan iya kallon ɗan'uwana yana kuka ba alhali ɗaki cike da abinci."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma abin da ya ƙona wa Umma rai ya wuce adadin tiya. Da kuɗin zoɓonta ta sayi waken, a addini kuma dukiyar mace tata ce, miji ba ya taɓa ta sai da yardarta. An yi kyauta da guminta, an karɓi godiya da addu'a, ita ko labari ba ta da shi. Shi kuma Baba bai san an riga an ɗaura wa kowace jarka aiki ba, domin Umma ba ta taɓa gaya masa abin da take tarawa ko dalilin tarawar ba. Tana tsoron in ya sani zai rabar. Ɓoyon ya jawo ɗauka ba izini, ɗaukar kuma ta ƙara ɓoyon.

Farkon shekarar 2023 ne ya gwada hannayen nan biyu a lokaci guda. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, ya sa ranar 31 ga Janairu a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin kuɗin kuma suka yi ƙaranci. Albashin Baba yana banki amma ba ya fitowa, layi tun asuba, masu POS kuma sun tsawwala caji. A makonnin nan masarar Umma da wakenta da kauɗarta ne suka riƙe mu. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, alhali gidaje da yawa masu kuɗi a asusun banki sun kwana.

Sai dai asusun katakon nan ya zama abin damuwa. Cike yake da tsofaffin kuɗi, Umma kuma ba ta da asusun banki. Dole ta fasa shi a gaban Baba, aka ƙirga, Baba ya riƙe baki don bai taɓa zaton akwai kuɗi haka a ɗakin da yake kwana ba. Wanda ya taimaka aka shigar da su kafin wa'adi wani tsohon ɗalibin Baba ne da ke da shagon hatsi, wanda Baba ya taɓa biya wa kuɗin jarrabawar kammala sakandare. Shi ya karɓe su ya zuba a asusunsa ya turo wa Baba, bai cire ko kwabo ba. Mai shagon unguwarmu kuma ya yi ta ba mu sabulu da mai da sukari bashi har abubuwa suka daidaita, bayan da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. Ya ce ba zai manta daren da Malam ya kai matarsa asibiti ba. Rumbun Umma ya ciyar da mu, rumbun Baba kuma ya ceci kuɗin Umma.

Bayan wata biyu da wani abu, ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A shekarar 2024 ɗin alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Wannan ya koya wa kowannensu wani abu. Umma ta ga kuɗin da take tarawa don sayen firji suna zaune, farashin firjin kuma yana gudu, ta gane ajiyar tsabar kuɗi a irin wannan zamani kamar ajiyar ƙanƙara ce a rana. Baba shi ma ya ga albashin da a da yake kai shi goma ga wata yanzu ba ya kai biyar, masu sallama kuma sun ninka. Ko da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, kasuwa ta riga ta yi gaba.

A wannan tsakanin suka yi wata yarjejeniya da har yau ake bi a gidanmu. Ranar da albashi ya shigo, kafin Baba ya tsaya wurin mai nama, yakan ware kason abinci da na makaranta ya damƙa wa Umma. Abin da ya rage nasa ne, ya ba wanda ya ga dama, ba ta tambayar sa. Ita kuma ta daina ɓoye masa lissafinta: ya san ranar kwasar adashinta, ya san wace jarka ce ta sayarwa, wacce ce ta ci. Har ta ware jarka guda ta ce wannan ta baƙin Malam ce, in ta ƙare ta ƙare. Baba bai zama mai tattali ba, Umma ba ta zama mai sakin hannu ba. Har yanzu takan yi tsaki in ta ji sallama da sassafe, shi kuma yakan tsokane ta da "Gwamnan Babban Banki". Amma kuɗin rajistata na shekarar farko a jami'a daga wannan tsarin suka fito: raguna biyu na Umma, da cikon da Baba ya tara a hannunta wata shida.

Kada mai karatu ya ɗauka kullum miji ne mai kashewa, mace ce mai tarawa. A gidan Yayata abin juye yake. Mijinta yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, mutum ne mai ƙoƙari, ya sayi fili yana buga bulo a hankali don su bar gidan haya. Amma kuɗin cefanen da ya yanka mata tun suna amarya da ango shi ya ci gaba da bayarwa, kamar bai san abin da ya faru da kasuwar kayan miya ba. In ta ce ba su isa ba sai ya ce ba ta iya tattali ba. Shi da ke sayar da atamfa, in ta ambaci anko sai ransa ya ɓaci. Ita kuma, da yake jinin Baba ce, sai ta fara tsakurar kuɗin cefane tana kai gudummawar biki a ɓoye. Miya ta ƙara tsinkewa, zargi ya ƙaru, har wata rana muka gan ta da akwati.

Abin da maza da yawa ba su lura da shi ba shi ne, gudummawar biki a wurin mata bashi ce. Ranar bikin Yaya ƙawaye da dangi sun kawo nasu, an kuma san abin da kowa ta kawo. Ranar da nasu ya tashi dole ta mayar, in da hali ma ta ɗora wani abu a kai. In ta ƙi, sunanta ne zai ɓaci, kuma ranar sunan ɗanta za ta ga tsakar gida ba kowa. Wani nau'in adashi ne, ko da yake an cusa masa gasa da ƙarya a zamanin nan, anko kala uku a biki ɗaya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda iyayenmu suka raba aikin sulhu. Umma mai tattali ita ce ta fi jin haushin surukinta. Da yake akwai kunya a tsakaninsu, Kawu ta tura da saƙo: a gaya masa tattali daga rarar abinci ake yin sa, ba daga cikin iyali ba, kuma ciyarwa da tufatarwa wajibi ne da Allah Ya ɗora masa tun kafin bulo. Baba mai kyauta kuma shi ya zaunar da Yaya ya ce, "'Yata, kyautar da za a yi da kuɗin miyar miji a ɓoye ba ta da albarka. Ni na san wannan hanyar." Aka shirya a kan cewa shi zai riƙa yin cefane da kansa na wata guda. Bai kai mako biyu ba ya ƙara kuɗin. Ita kuma ta yarda anko sai na dangi na kusa, sauran ta kai gudummawa daidai ƙarfi da saninsa. Ginin yana tafiya, ko da yake ya rage sauri.

Daga gidajen nan biyu na fahimci cewa tsakanin tattali da rowa, da tsakanin kyauta da almubazzaranci, akwai tambaya ɗaya: wa ke biyan kuɗin halin naka? In kana tarawa iyalinka na shan ruwan miya, su ke biya. In kana rabarwa matarka na sayar da 'yan kunnenta a biya kuɗin makaranta, ita ke biya. Addininmu ya yabi tsaka-tsaki, ya zargi ƙwauro da ɓarna duka biyu, amma tsakiyar kowane gida sai mutanen gidan sun zauna sun auna ta.

Mu matasan yau matsalarmu ta fi ta iyayenmu, domin lokacin neman aure ya zama lokacin da ake ɓoye hannu. Saurayi zai ari mota da agogo, ya ci bashin manhajar waya don ya yi wa budurwa bikin zagayowar ranar haihuwa, ya riƙa tura kati da data kamar yana da rijiyar mai. Budurwa kuma za ta nuna ita ba ruwanta da abin duniya, alhali ta riga ta zaɓi akwatunan lefe a Instagram. A wajen zance ana maganar kalar labule da sunan 'ya'ya, amma tambayar nawa kake samu, wa kake ɗauke da nauyinsa, ana bin ka bashi ko ba a bi, ta zama abin kunya. Yarinyar da ta yi ta sai a ce mai idon cin naira ce. Saurayin da ya yi maganar tanadi kuma a ce marowaci ne. Sai an watse daga biki, bashi ya fara ƙwanƙwasa ƙofa, sannan kowa ya ga ainihin hannun ɗan'uwansa.

Wannan magana ta shafe ni kai tsaye. Akwai wanda ke zuwa wurina da sanin iyayena. Ya gama bautar ƙasa, yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Yana da ɗan littafi a aljihu da yake rubuta duk abin da ya kashe, har kuɗin ruwan leda. Kyautarsa ta farko gare ni fitila ce mai caji, saboda na taɓa cewa ana yawan ɗauke wuta a ɗakin kwananmu. Ƙawayena sun yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa hannuna na Baba ne. A ɗakinmu an san garin kwakina da sukarina na kowa ne.

Saboda haka wata rana na tambaye shi: idan gwaggona ta zo daga ƙauye ba ta da kuɗin mota, ga shi ƙarshen wata, me zai yi? Ya yi tunani sosai sannan ya ce, "Zan ba ta. Amma fa zan rubuta." Sai shi ma ya jefo tasa: "Ke kuma, ranki ya daɗe, in na ce watan nan ba kaza saboda kuɗin haya ya matso, za ki ɗauka na daina son ki ne?" Na ce masa ba zan ɗauka haka ba muddin na ga littafin, kuma muddin akwai shafin baƙi a cikinsa. Har yanzu muna kan wannan tattaunawa, kuma na gaya wa Umma ba na son a tsayar da rana sai mun kai ƙarshenta.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, ita ce kada mu tsaya neman mai hali irin namu sak. Masu sakin hannu biyu in suka haɗu gida zai rasa gishiri, masu dunƙulewa biyu kuma za su rasa mai yi musu sallama. Abin nema shi ne wanda za a iya yin lissafi da shi a fili ba tare da faɗa ba. Ku tambayi juna yadda aka riƙa sarrafa kuɗi a gidajen da kuka tashi, domin a nan halin ya samo asali. Ku san wa ke da haƙƙi a kan samun kowannenku, iyaye ne ko ƙanne. Ku yarda a kan abin da ba a taɓawa ko da wa ya zo, da abin da kowa zai kashe ba tare da an tuhume shi ba. Ku kuma lura da yadda mutum yake yi da Naira 1,000, don haka zai yi da miliyan.

Iyayena sun kai wannan matsayi ne bayan fiye da shekara 20 ana ja-in-ja. Mu da muke da damar yin maganar tun a kan tabarmar zance, bai kamata mu jira sai an buɗe jarka ba. Allah Ya ba mu abokan zama na gari, Ya sa albarka a cikin abin da muka samu, kaɗan ne ko mai yawa.